Yankari, Jos Ko Fadamar Haɗeja: Ina Ya Kamata A Kai Ɗalibai Su Koyi Muhalli?

Duk shekara, da an shiga zangon karatu na biyu, sai muhawara ta tashi a ofishin hedimasta. An tara kuɗin ziyarar buɗe ido, an yi cinikin bas, saura a tsayar da inda za a nufa. Malamin kimiyya yana ta Yankari, iyaye suna kukan nisa, wani kuma ya ce a dai leƙa gidan zu na Kano a dawo kafin la'asar kowa ya huta. A ƙarshe aljihu ne ke raba gardama, ko kuwa wanda ya fi kowa murya. Ba kasafai ake fara tambayar abin da ake so yaran su dawo da shi a ka ba.

A Amurka gandayen daji na jihohi da yawa suna da gini na musamman da ma'aikatan da aikinsu ke nan: su karɓi 'yan makaranta, su nuna musu taswira da ƙasusuwa da fatu, sannan su shiga daji da su. Mu namu a warwatse yake. Ɗakin tarihi yana wannan gandu, cibiyar bincike tana wancan kurmi, malamin dajin da ya san kowace bishiya da sunanta yana can wani wuri, babu wanda ya neme shi. Saboda haka aikin haɗa darasin yana wuyan malamin da ya shirya tafiyar. Wurare uku zan auna a nan, kuma ra'ayina shi ne shekarun yaran da watan da za a yi tafiyar su ya kamata su zaɓi wurin, sunan wuri ya zo daga baya.

A fara da Yankari, tunda ita ce a bakin kowa. Tana ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, faɗinta murabba'in kilomita 2,244. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a ranar 1 ga Disamba 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006, kuma a hannunta yake har yau. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karkata zuwa Mainamaji inda babbar ƙofa take. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka ya iso. Da sauran tafiya: daga ƙofa zuwa sansanin Wikki, inda masauki yake, akwai kilomita wajen 43 a cikin daji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Yankari ba wurin je-ka-dawo ba ne. Makarantar da ta taso daga Kano ko Zariya za ta ƙarar da yininta a hanya, kuma idan kwana ɗaya kawai ta biya, abin da yaran za su gani shi ne titi da ruwan wanka.

Darasin Yankari a jikin kogin Gaji yake. Da damina ciyawa takan fi mutum tsayi, ruwa na kwance a kowane kwari, dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Kai yara a watan Agusta tamkar zuwa kasuwar ƙauye ne ranar da ba ta ci. Da rani kuwa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ƙananan tafkuna sukan ƙafe, ciyawa ta bushe, sai kowa ya gangaro Gaji: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gadu, ga dorina da kada a cikin ruwa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci abin da littafi ke ta faman gaya masa, cewa ruwa ne ke tsara rayuwar daji, ba sai an sa shi hadda ba.

Sai dai kada malami ya yi wa yara alkawarin giwa, balle zaki. Giwayen Yankari suna cikin garkunan da suka rage a Najeriya, ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna yawo a wannan makeken daji. Wata mota ta dace da su, ta bayanta ta rasa. Zakuna kam 'yan kaɗan ne ƙwarai, yawancin baƙi ba sa ganin su. Idan an cika wa yara kunne da zaki tun daga gida, duk abin da suka gani zai zame musu ba komai ba. Ɗan jagora nagari shi ke ceto tafiyar. Zai tsayar da mota ya nuna sawun giwa, ya fasa kashinta ya nuna ƙwallayen 'ya'yan itacen da ta haɗiye ta kai wani wuri, ya nuna bishiyar da ta ɓare wa bawo. Zai bambance wa yara kawo da marke da taura da maɗaci, bishiyoyin da masu gawayi suka kusa ƙarar da su a ƙauyukanmu. Ga tsuntsaye sama da iri 350. Ba a shiga dajin sai da jagora, kuma fitar asuba ta fi ta yamma albarka. A roƙe shi tun kafin a tashi ya riƙa tsayawa yana bayani, in ba haka ba sai a yi ta gudu ana neman giwa.

Abin da ya fi kusa da cibiyar koyarwa a Yankari shi ne ɗakin adana kayan tarihi da ke sansanin Wikki. Akwai fatu da ƙahoni da haure, akwai kuma tarkuna da makaman da aka ƙwace a hannun masu farautar sata. Yawancin baƙi sukan leƙa shi a gurguje ranar tafiya gida. Na fi ganin a fara da shi, domin yaron da ya riƙe siffar ƙahon gwanki a ka zai gane shi daga nesa. Kuma a nan ne za a iya buɗe muhawarar da ta fi kowace amfani. A cikin ɗalibanmu akwai ɗan mafarauci, akwai ɗan makiyayi, akwai ɗan manomi. Giwayen da ake karewa su ne ke fita su tattake gonakin ƙauyukan da ke kewaye cikin dare ɗaya. Makiyayi yana ganin ciyawa a cikin gandu shanunsa na rama a waje. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedikwata a Amurka take taimaka wa jihar wajen tsaron dajin, an sa wa wasu giwaye na'urar bibiya a wuya, kisan giwa don haure ya ragu sosai, amma rikicin gona da giwa bai ƙare ba. Ɗalibin sakandare ya isa a tambaye shi: kai ne gwamna, ya za ka yi da manomin da giwa ta cinye masa dawa?

Malamin tarihi ma ba zai yi zaman banza ba. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka fafe a jikin dutse, akwai rijiyoyin Dukke sama da 100 waɗanda ake dangantawa da zangon fatake da masu cinikin bayi, akwai kuma tsofaffin matoyan tama. Dajin da ake gani kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, ashe gari ne a dā.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne daɗin tafiyar kuma shi ne barazanarta. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Idan aka saki yara a ciki tun isowa, an gama da maganar karatu. A ajiye shi sai an dawo daga daji, a raba lokacin maza da na mata, a tsayar da babba wanda ya iya ruwa, domin wajen gindin dutsen ya fi zurfi. Bikar sansanin kuma ba su da kunya ko kaɗan. Sukan fizge leda a hannun yaro, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Kusa da kogi akwai ƙudan tsando, wanda baƙin tufafi da shuɗi mai duhu ke jawowa, don haka a sa kaya masu haske da dogon hannu.

Yankari ta fi sauran cin kuɗi. Na shiga daban, na motar zagaya daban, na kwana daban, ga abinci, ga man mota. A rubuta wa hukumar gandun wasiƙa da wuri a nemi farashin ɗalibai a rubuce. Sannan wasu ƙauyukan Alƙaleri sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka a tambayi halin da hanya take ciki a makon tafiyar, kuma kada a yi dare a kanta.

Jos wani salo ne dabam. Gandun namun dajin garin na gwamnatin jihar Filato ne, an kafa shi a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa murabba'in kilomita 8 ne kawai, kuma a gefen gari yake. Dabbobin a killace suke. Abin da Yankari ba za ta iya lamunce maka ba, nan an lamunce: yaro zai tsaya ya ƙare wa dabba kallo, ya ƙirga yatsun jimina, ya ga haƙoran kada. Ga ɗan firamare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan shekara takwas ba shi da haƙurin zaman awa biyu a mota yana leƙen ciyawa ko wani abu zai motsa. A dai buga waya a tambayi dabbobin da ke nan a lokacin, domin na keji sukan tsufa su mutu, ba kullum ake maye gurbinsu ba. A kuma riƙe yara a bayan shinge. A Disamban 2015 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa a wannan gandu, sai harbe shi aka yi.

Iyakar keji ita ce sunan dabba da kamarta kawai yake koyarwa. Zakin da ake miƙa wa nama ba zai nuna wa yaro yadda daji ke ciyar da kansa ba. Wanda burinsa ke nan kuma yana Kano, gidan zu na Audu Baƙo ya ishe shi, ba sai ya hau dutsen Jos ba. Abin da ke ɗaga darajar Jos shi ne abin da ke kewaye da gandun. Gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana nan da gumakan Nok, kusa da shi akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Zariya. A hanyar Bukuru da Barikin Ladi kuma ga tafkunan kuza, ramukan da haƙar ma'adinai ta bari tun zamanin Turawa, ruwa ya cika su. Duk malamin da ke son nuna abin da haƙa ke yi wa ƙasa bayan an kwashe arzikin an tafi, ya tsayar da bas a bakin ɗaya daga cikinsu na minti goma, daga nesa da gaɓa.

Babban sirrin Jos kuwa yana Laminga, kilomita wajen 15 daga gari. Nan kurmin Amurum yake, hekta kusan 300, kuma a cikinsa akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 ƙarƙashin Jami'ar Jos da tallafin A.P. Leventis. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna yin digiri na biyu a nan. Masu binciken sukan kafa raga mai laushi da asuba, su kama tsuntsu, su auna fiffike da nauyi, su sa masa zobe mai lamba a ƙafa su sake shi. A duwatsun wurin akwai wani ɗan jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, akwai kuma wani da ke ɗora masa reno: ya saka ƙwai a sheƙarsa, ɗansa ya tashi yana kwaikwayon kukan mai riƙonsa. Yarinyar da ta ga 'yar Najeriya kamarta tana wannan aiki da ma'auni da littafi a hannu, ta ga wata sana'ar da ba ta san da ita ba. A nan ne kawai cikin wuraren uku za a sami mutanen da bincike da koyarwa ne aikinsu na kullum. Amma wurin aiki ne, ba filin shaƙatawa ba. Sai an rubuta an nemi izini, kuma ɗalibai goma sha biyar masu sha'awa sun fi bas biyu na masu hayaniya. Idan da sanyi za a je a ɗauki rigunan sanyi da gaske, garin yana sama da mita 1,200. Kamar Alƙaleri, nan ma a bincika zaman lafiyar gari kafin a tashi.

Ga wanda yake Bauchi da ƙananan yara, akwai tsaka-tsaki: gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006, irin su raƙumin dawa da jakin dawa. Suna yawo a fili mai shinge, ganin su ya fi sauƙi. A dai gaya wa yara gaskiya cewa baƙi ne, jakin dawa ba dabbar dajinmu ba ce.

Na uku shi ne wanda ba ya zuwa bakin kowa a taron malamai, kuma shi na fi so a duba: fadamar Haɗeja da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan bazu a nan kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe su nufi tafkin Chadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989, tana ƙarƙashin gandun tarayya na yankin tafkin Chadi. Gandun Baturiya yana jihar Jigawa, kuma yana cikin wurare goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama nata, wato akasin hanyar da Yankari ta bi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ake samun tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai suka sauka nan gudun sanyi, suka tarar da 'yan gida: ɗinya, kirinjijiya, zalɓe, jinjimi, balbela. Ƙidayar tsakiyar shekarun 1990 ta samu tsuntsayen ruwa sama da 200,000 a watan Janairu. Amma ba don tsuntsayen kaɗai nake son wurin ba. A nan muhalli abincin mutane ne. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, Kano ta sami ruwan famfo, manoman Kura da Kadawa suka sami noman rani. A can ƙasa kuwa tsarin ruwa ya sauya. Dā ambaliya takan zo ta wuce, ƙasa ta bushe. Yanzu ruwa kaɗan-kaɗan yana bin wasu hanyoyin shekara duka, ciyawar kachala ta samu yadda take so, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ruwa ya karkata ya ci wani gari wani kuma ya rasa. Tsuntsayen jan baki suka sami maɓoya a cikinta, suna fita suna wawashe shinkafa. Ɗan Kano da ya tsaya gaban masunci a Nguru ya ji wannan daga bakinsa, zai gane cewa tumatirin Kura da kifin Nguru ruwa ɗaya suke sha. Ban ga wani darasi a Yankari da ya kusanci rayuwar ɗan manomi kamar wannan ba.

Nakasunta a fili yake. Babu sansani irin na Wikki, sai a kwana a Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa a yi sammako. Babu giwa da za a ba da labari a gida. In ba a tafi da wanda ya san tsuntsaye da madubin hangen nesa ko da guda biyar ba, yara za su ga ɗigo-ɗigo ne kawai a kan ruwa. Kwale-kwale kuma ba abin wasa ba ne: ba rigar kariya, ba shiga, kuma kada a cika shi don ragin kuɗi. A hana wanka, akwai tsargiya a irin wannan ruwa. Kafin tafiya a nemi ofishin gandun ko ma'aikatar muhalli ta jihar, a kuma gaida mai gari, shi zai haɗa ku da sarkin ruwa da manoman da za su yi wa yara bayani.

To, ina za a je? 'Yan firamare dai keji ya ishe su: Jos ko Sumu ko gidan zu mafi kusa, tafiyar yini ɗaya, kuɗi kaɗan. Kai su Yankari asarar kuɗin iyaye ne, ruwan Wikki kawai za su tuna. 'Yan ƙaramar sakandare zuwa aji huɗu su ne 'yan Yankari, da sharaɗin kwana biyu da fita daji sau biyu aƙalla. Makarantar da ba za ta iya biyan haka ba gara ta rage yawan yara ko ta tara kuɗin zuwa baɗi. Manyan ɗalibai masu karatun noma da labarin ƙasa da ilimin halittu, da na kwalejojin ilimi, fadamar Haɗeja ce tasu, kuma ga makarantun Kano da Jigawa da Yobe ita ce mafi arha. Amurum kuma a ajiye ta ga 'yan ƙungiyar kimiyya, waɗanda za su iya yin shiru na rabin awa.

Saura kalanda, wadda takan rushe duk wannan lissafi. Tsuntsayen fadama sukan fara komawa Turai wajen Maris, daidai lokacin da Yankari ke shiga ganiyarta. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris, kuma yawon daji da ƙishirwa a zafin Bauchi ba abin da za a ɗora wa yara ba ne. Bayan Sallah kuma 'yan ajin ƙarshe sun shiga shirin jarrabawar WAEC. Saboda haka mai son fadama ya tsayar da Janairu, da an dawo hutu. Mai son Yankari ya nemi makonnin da ke tsakanin ƙaramar Sallah da saukar ruwan farko, ya kuma aika wasiƙar neman masauki tun kafin azumi, domin lokacin hutun Ista ɗakunan Wikki sukan cika.